Babbar Mura: Abin da Ke Sa Jiki Zafi da Ciwon Gaɓoɓi

Duk malamin da ya taɓa kula da ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda abin yake farawa. Ranar Litinin yaro ɗaya zai ƙi fitowa taron safe, a je a tarar da shi ƙudundune cikin bargo yana rawar ɗari, alhali jikinsa kamar garwashi. Kafin Alhamis, biyar ko shida daga masu gadajen da ke kusa da nasa sun kwanta. Kafin mako ya zagayo, malami yana tsaye gaban allo ba ya jin muryarsa saboda tarin 'yan aji. Daga nan sai a ce zazzaɓi ya shigo makaranta, a aika kemis a sayo maganin maleriya da kafso a rarraba. Yawancin yaran su warke, kamar yadda da ma za su warke ko ba su sha komai ba. Wani lokaci kuwa ɗaya daga cikinsu, wanda aka ɗauka ya miƙe, sai ya koma ya kwanta, numfashinsa sama-sama, a kwashe shi zuwa babban asibiti.

Sau da yawa baƙuwar da ta shigo makarantar ita ce cutar da likitoci ke kira infuluwenza, wato babbar mura. Kusan kowa ya taɓa ɗanɗana ta. Amma kaɗan ne suka san dalilin da ya sa cutar da ta tsaya a hanci da maƙogwaro take sa cinya da gadon baya ciwo, ko dalilin da ya sa mai zazzaɓi ke neman bargo.

Mura suna ta tara

A bakin Bahaushe, duk abin da ya kawo atishawa da yoyon hanci mura ne. Masana kuwa sun raba. Ƙaramar mura, wadda mutum kan yi sau da dama a shekara, ƙwayoyin cuta iri fiye da 200 ne ke haddasa ta. Takan shigo a hankali, ta fara da ƙaiƙayin maƙogwaro, ta sauko hanci, mai ita yana yawonsa da hankici a hannu. Babbar mura ba ta yin sallama. Ɗalibi zai ci abincin rana lafiya lau, kafin magariba ya kasa ɗaga kai. Alamominta su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da busasshen tari, da ciwon kai, da ciwon tsoka da gaɓoɓi, da kasala mai nauyi, sannan ciwon maƙogwaro da majina. Ƙananan yara sukan haɗa da amai ko gudawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 1 ne ke kamuwa da ita kowace shekara. Daga cikinsu miliyan 3 zuwa 5 sukan jigata sosai, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 sukan rasu ta dalilin lalacewar numfashi. Wannan a shekarar da aka zauna lafiya ke nan. A 1918 wani sabon nau'inta ya ratsa duniya, ya kashe mutanen da aka ƙiyasta ba su gaza miliyan 50 ba. Ya sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ya biyo hanyoyin fatauci da layin dogo ya hauro Arewa. Ita ce annobar da dattawa suka riƙa tunawa da sunan marisuwa.

Sunan infuluwenza daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa tasiri, domin mutanen da sun ɗauka tasirin taurari ne ke saukar da ita. A 1892 wani masani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya sami wata bakteriya a kakin marasa lafiya, ya ce ita ce mai laifin, aka kuwa yarda da shi shekara da shekaru. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka tace ruwan maƙogwaron masu cutar da matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa, suka ɗiga shi a hancin wata 'yar dabba mai kama da tunku. Dabbar ta kamu. Ta haka aka tabbatar da cewa mai haddasa cutar a jikin ɗan Adam bairos ne.

Yadda bairos ke kama gida

Ƙanƙantar wannan bairos ta wuce misali: sai an jera kimanin 10,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Ɗan ƙunshi ne kawai, a cikinsa akwai zare takwas na bayanan gado, a bayansa kuma akwai ƙayoyi iri biyu. Ƙaya ta farko, wadda ake yi wa laƙabi da harafin H, ita ce mabuɗin da yake maƙalewa da shi a jikin ƙwayar halitta. Ta biyu, mai harafin N, almakashi ce da yake yanke kansa da ita idan zai fita. Daga waɗannan haruffa ne aka sami sunaye irin su H1N1 da H3N2, waɗanda su ne nau'o'in rukunin A da ke yawo tsakanin mutane. Akwai kuma rukunin B, wanda aka gano a 1940. Waɗannan rukunai biyu su ne ke kawo murar da ke zagayowa kowace shekara.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Waɗanda suka shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro da bututun iska su ne abin harin wannan bairos. Idan mai cutar ya yi tari ko atishawa, ko ma magana, yakan fesa ɗigo-ɗigon ruwa masu ɗauke da shi, na kusa ya shaƙa. Yakan kuma bi ta hannu, daga hanci zuwa marfin ƙofa ko moɗar randa, daga nan zuwa hancin wani. Da ya maƙale, sai ƙwayar halittar ta haɗiye shi da kanta. Yana shiga sai ya kwance ƙunshinsa, ya ƙwace masana'antar da ke ciki, ya tilasta mata barin aikinta ta koma ƙera irinsa. Cikin sa'o'i kaɗan sababbin bairos sun fara fitowa da ɗimbin yawa, kowanne ya nufi maƙwabciya. Ita kuwa wadda aka yi aikin a cikinta ta mutu.

Duk wannan yana gudana mutum bai sani ba. Tsakanin shigar bairos da bayyanar alama akan ɗauki kwana biyu, ko da yake yana iya zama ɗaya zuwa huɗu. Abin lura ga masu kula da makarantu shi ne, mutum yana iya harbin wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji ciwo, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, yara ƙanana ma fiye da haka. Saboda haka ranar da aka ga yaro na farko a kwance, abokan kwanansa sun riga sun shaƙa.

Ga wani abin mamaki. Da wuya a sami wannan bairos yana yawo cikin jini. Yana nan a hanyar numfashi, bai je cinya ba, bai je ƙwaƙwalwa ba. Mafi yawan wahalar da majinyaci ke sha daga garkuwar jikinsa take fitowa.

Zazzaɓi

Ƙwayar halittar da bairos ya shiga ba ta mutuwa shiru. Takan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda ke zama kamar kururuwar gargaɗi ga maƙwabta su kulle ƙofofinsu. Shi ma wannan sinadari ta dalilin bairos ɗin babbar mura aka gano shi, a 1957, a hannun Alick Isaacs da Jean Lindenmann a Landan. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sukan rugo wurin, su ma su saki nasu sinadaran saƙo, waɗanda a dunƙule ake kira saitokayin. Waɗannan saƙonni su ne ke shiga jini su zagaye jiki duka.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne tsare zafin jiki a kan ma'auni guda, wato wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, adadin da likitan Jamus Carl Wunderlich ya fitar a 1868 bayan ya auna dubban majinyata. Idan saitokayin suka iso kusa da wannan sashe, sai su sa a ƙera wani sinadari mai suna furostagilandin. Shi kuma ya ɗaga ma'aunin, a ce daga 37 zuwa 39.

To, a wannan lokaci jini yana kan digiri 37, ƙwaƙwalwa kuwa tana neman 39. A wurinta jiki ya yi sanyi da digiri biyu, don haka sai ta ɗauki duk matakan da takan ɗauka da asubahin hunturu. Ta matse hanyoyin jinin da ke fata don kada zafi ya tsere, shi ya sa hannuwa da ƙafafu ke yin sanyi, fuska ta yi fari-fari. Ta tayar da tsigar jiki. Ta sa tsokoki su riƙa karkarwa, domin motsin tsoka yana haifar da zafi. Ta kuma sa mutum ya ji ɗari ya nemi mayafi. Yaron da ke haɗa haƙora cikin bargo da tsakar rana ba shagwaɓa yake yi ba, umarnin ƙwaƙwalwarsa yake bi.

Idan jini ya kai 39, karkarwa ta tsaya, fata ta yi zafi ta bushe. Zuciya ta ƙara sauri, kusan bugu goma a minti ga kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Jiki kuma ya riƙa ƙona abinci fiye da yadda ya saba, da kimanin kashi 10 cikin 100 ko ɗan fiye ga kowane digiri. Bayan wani lokaci, idan saƙonnin suka ragu ko aka sha magani, ma'aunin ya koma 37. Yanzu kuma jini ya fi abin da ake nema zafi, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe hanyoyin jinin fata, gumi ya karyo, majinyaci ya yaye bargo. Mutane kan ce gumi ne ya fitar da ciwon. A gaskiya gumin shaida ce kawai cewa ma'auni ya sauka, kuma yana iya sake hawa da yamma.

Shin wannan ɗawainiya tana da amfani? A 1975 wani masani a Jami'ar Michigan ta Amurka, Matthew Kluger, ya gwada da wani ƙadangaren hamada. Ƙadangare ba ya iya ɗumama kansa daga ciki, sai dai ya nemi rana. Da aka sa musu bakteriya, sai ƙadangarun suka riƙa zaɓar wuri mafi ɗumi, suka ɗaga zafin jikinsu da kansu. Waɗanda aka tsare a wuri mai sanyi kuwa suka fi mutuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɗan ƙarin zafi yana ƙara wa fararen ƙwayoyin jini kuzari, yana kuma rage wa ƙwayoyin cuta da dama saurin hayayyafa. Zazzaɓi, ashe, tsohon makami ne da dabbobi da yawa suka yi tarayya a kansa.

Wannan bai hana a sauƙaƙa wa majinyaci ba. Farasitamol da asfirin suna aiki ne ta hanyar rage ƙera furostagilandin, abin da John Vane na Ingila ya gano game da asfirin a 1971, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1982. Suna sauke ma'auni, suna rage ciwo, amma ba su taɓa bairos. Akwai kuma gargaɗin da ya kamata kowane malami ya riƙe: ba a ba yaro ko matashi asfirin idan yana fama da babbar mura. Yana iya jawo wata cuta da ba ta cika faruwa ba amma mai kisa, wadda ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa, wadda likita Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963. Magungunan ciwon kai da dama da ake sayarwa a kan tebur suna ɗauke da asfirin a ciki, don haka a karanta takardar kafin a miƙa.

Ciwon jiki da kasala

Mai babbar mura kan ce ji yake kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Cinyoyi, gadon baya, kafaɗu, har bayan idanu, ko'ina ciwo. Amma da za a duba tsokar, galibi ba za a ga rauni ba. Abin da ya faru shi ne, furostagilandin da 'yan'uwansa sun sa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo sun zama masu saurin tunzura. Motsi ko matsi da a da ba su kula da shi, yanzu sai su kai ƙara ga ƙwaƙwalwa. Ciwon kai ma tushensa ɗaya, sai dai zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki da toshewar kogunan iska na ƙashin fuska suna ƙara masa ƙarfi.

Hujja mafi gamsarwa a kan haka daga asibiti ta fito. Shekaru da yawa an yi amfani da allurar intaferon wajen jinyar masu ciwon hanta. Mutanen da aka yi wa allurar, ba tare da wani bairos na mura a jikinsu ba, sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon tsoka da kasala, tamkar masu babbar mura. Sinadarin jiki shi kaɗai ya isa ya kawo alamomin. Wannan ne kuma ya sa cututtuka masu yawa, waɗanda asalinsu ya sha bamban, suke farawa da kamanni ɗaya.

Kasala da barci da ƙin abinci su ma aikin saitokayin ne a kan ƙwaƙwalwa. Makiyayi ya san akuyar da ba ta da lafiya tun daga nesa: ta ware daga garke, ta sunkuyar da kai, ta ƙi kiwo. A 1988 wani likitan dabbobi Ba'amurke, Benjamin Hart, ya kawo hujjar cewa wannan hali tsari ne na jiki, domin dabbar da ta kwanta tana tanadin ƙarfinta don biyan kuɗin zazzaɓi. Ɗalibin da aka tilasta wa fita noma ko gudun safe a wannan hali, an raba masa ƙarfinsa biyu ne a lokacin da jiki ke bukatarsa duka. Kasalar kan daɗe mako ɗaya ko biyu bayan zazzaɓi ya tafi, kuma malamin da ya ga yaro yana gyangyaɗi a aji bayan jinya ya kamata ya tuna da haka kafin ya ɗaga bulala.

Hanci, maƙogwaro da tari

A nan ne bairos ke yin ɓarna da hannunsa. Inda aka yi yaƙi, hanyoyin jini sukan buɗe, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura ya yi ja. Wani sinadari mai suna biradikainin yana tsokanar jijiyoyin maƙogwaro, shi ya sa haɗiyar yawu ke zama aiki. A hanci kuma jijiyoyi suna aika saƙon da ke tayar da atishawa, suna kuma sa ƙullutun da ke ƙera majina su ƙara himma don wanke wurin.

Toshewar hanci ba yawan majina ne ke kawo ta ba, kamar yadda akan zata. Akwai manyan hanyoyin jini a bangon hanci, su ne ke cika su kumbura su rufe hanya. Shi ya sa mutum zai yi ta fyacewa har kunnensa ya toshe, hancin bai buɗe ba. Haka nan launin majina yana ruɗin mutane. Takan fara kamar ruwa, bayan kwana biyu ta yi kauri ta koma ɗorawa ko kore. Koren ya fito ne daga wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe da ke cikin fararen ƙwayoyin jinin da suka taru a wurin. Shi kaɗai ba ya nuna cewa bakteriya ta shigo, ba kuma dalili ba ne na sayen kafso.

Tari ya fi kowace alama naci, kuma dalilinsa abin sha'awa ne. Bangon bututun iska a lulluɓe yake da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu kaɗawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, duk suna tura majina sama. Ƙura da ƙwayoyin cutar da aka shaƙa sukan maƙale a majinar, gasun su share su zuwa maƙogwaro, a haɗiye ba a sani ba, ruwan ciki ya ƙone su. Tsintsiya ce da ba ta hutawa dare da rana. Ƙwayoyin halittar da ke ɗauke da waɗannan gasu kuwa suna cikin waɗanda bairos ke kashewa. Idan suka zube, bakin jijiyoyin da ke ƙarƙashinsu ya tonu, iska mai sanyi ko ƙura ko hayaƙin murhu kaɗan sai su tayar da tari. Da farko busasshe ne, mai zafi a tsakiyar ƙirji. Bairos kan ƙare cikin mako guda, amma sake shimfiɗa bangon yana cin makonni. Don haka tarin da ya kai mako biyu yana raguwa a hankali ba abin tsoro ba ne. Wanda ya wuce haka bai ragu ba, ko ya zo da rama da gumin dare ko jini, wannan sai an je an yi gwajin tarin fuka.

Inda hatsarin yake

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Muddin tsintsiyar nan ta karye, bakteriyar da ke zaune lami lafiya a hanci da maƙogwaro takan sami hanyar gangarawa huhu, ta haddasa nimoniya. Alamarta sananniya ce ga likitoci: majinyaci ya fara samun sauƙi, zazzaɓi ya sauka, bayan 'yan kwanaki sai ya dawo da ƙarfi, tare da kaki mai kauri da ciwon ƙirji da haki. Wannan shi ne labarin yaron da aka ɗauka ya miƙe. A 2008 masana a Amurka, David Morens da Jeffery Taubenberger da Anthony Fauci, suka sake nazarin naman huhun waɗanda suka mutu a annobar 1918 da aka adana, da rahotannin likitocin lokacin, suka kammala cewa mafi yawansu irin wannan nimoniya ta bakteriya ce ta ƙarasa su. Wani lokaci kuma bairos da kansa yake sauka huhu, dakarun jiki su wuce gona da iri, 'yan jakunkunan iska su cika da ruwa.

Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi daga shekara 65, da mata masu ciki, da masu asma ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ko sikila, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Ya kamata shugaban ɗakin kwana ya san ɗaliban da ke da asma ko sikila tun farkon zangon karatu. Idan aka ga numfashi da ƙyar ko da sauri, ko leɓe ya canja launi, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko yaro ya kasa shan ruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya tafi ya dawo, ba a jiran wayewar gari. Haka in wuya ya sanƙare, domin sanƙarau ma da zazzaɓi da ciwon kai yake farawa, kuma a lokacin rani yake tashe. Ƙaramin yaro yana iya yin jijjiga saboda zazzaɓi. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a kai shi asibiti.

Kama da wane ba ta wane. A ƙasar da sauro ya yi yawa, zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi maleriya suke fara kawowa a zuciya, kuma da gaskiya, domin maleriya tana kisa da sauri. Kamannin sun zo ɗaya ne saboda saitokayin ɗin da ke aiki iri ɗaya ne. Tari da ciwon maƙogwaro da majina, da ganin mutanen ɗaki ɗaya suna kwantawa bi da bi, sun fi nuni ga mura, amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma mutum yana iya haɗa biyun. Gwajin jini na ɗigo ɗaya, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, shi ke raba gardama. Cutar korona, wadda ta mamaye duniya a 2020, ita ma ba a iya bambanta ta da babbar mura sai da gwaji.

Kafso, wato magungunan kashe bakteriya, ba su da abin da za su kama a jikin bairos. Shan su ba bisa ƙa'ida ba yana horar da bakteriyar jiki ne ta saba da su, ranar da nimoniya ta zo da gaske a rasa abin yaƙarta. Akwai maganin da aka yi musamman don babbar mura, irin su oseltamibir, wanda ke dushe almakashin N don sababbin bairos su kasa fita. Ya fi amfani idan an fara shi cikin sa'o'i 48 na farko, kuma likita ne ke rubuta shi, galibi ga masu hatsari. Ga sauran jama'a, hutu da yawan shan ruwa da kunu ko romo mai ɗumi da farasitamol bisa ƙa'ida sun wadatar. A ware majinyaci gwargwadon hali, a buɗe tagogi, a wanke hannu da sabulu, kada ya koma aji sai ya kwana ya yini babu zazzaɓi ba tare da magani ba.

Dalilin da take dawowa

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa lokacin sanyi ne kakar babbar mura. A ƙasashe masu zafi takan ɓulla kowane lokaci na shekara, a wasu wurare ta fi yawa da damina, a wasu da hunturu. A 2007 Anice Lowen da abokan aikinta a birnin New York sun gwada da ɓerayen Masar, suka ga bairos ya fi saurin tsallakawa daga keji zuwa keji idan iska ta yi sanyi ta kuma bushe. Busasshiyar iska tana kuma kafe majinar hanci, ta rage wa gasun nan saurin shara. A haɗa da rufe tagogi da cunkushewa a ɗaki ɗaya saboda ɗari. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura, dole sai bairos ya zo daga jikin wani.

Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ya gama da ita har abada, amma babbar mura tana iya kama mutum sau da yawa a rayuwarsa. Dalili shi ne, na'urar da bairos ke kwafar bayanan gadonsa da ita ba ta duba kuskure. Kurakuran suna taruwa, siffar ƙayoyin H da N tana sauyawa kaɗan-kaɗan, har dakarun da suka san na bara su kasa gane na bana sosai. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da jerin ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban masu bin sawun wannan sauyi. Sau biyu a shekara, a Fabrairu don arewacin duniya, a Satumba don kudanci, masana kan zauna su zaɓi nau'o'in da za a sa cikin allurar rigakafi ta kaka mai zuwa. Wani reshe na rukunin B, mai suna Yamagata, ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun watan Maris na 2020, lokacin da duniya ta rufe ƙofofi da hanci saboda korona, har a 2023 hukumar ta ba da shawarar a cire shi daga allurar.